Jari a Kayan Wasan LEGO: Ribar da Ke Hannun Kamfani

A Turai da Amurka akwai masu sayen kayan wasan LEGO su adana su a cikin kwalinsu, ba tare da sun buɗe ba, har farashi ya tashi. Kamfanin, wanda Ole Kirk Christiansen ya kafa a ƙasar Denmark a 1932, yana ƙera ƙananan tubalan roba da ake harhaɗawa a gina gida, jirgi ko mota.

Tushen ribar shi ne ƙaranci. Kamfanin kan daina ƙera samfuri bayan 'yan shekaru, daga nan mai buƙata sai ya nemi wanda ya ajiye. Wani bincike da aka yi a jami'ar Higher School of Economics da ke Mosko ya gano cewa tsakanin 1987 da 2015, darajar irin waɗannan kaya ta riƙa ƙaruwa da kusan kashi 11 cikin 100 a shekara.

Sai dai wuƙa da nama na hannun kamfanin. Jirgin Millennium Falcon na 2007, da aka sayar kan kusan dala 500, ya kai dubban daloli bayan an daina ƙera shi. A 2017 LEGO ya fitar da sabo mafi girma, mai tubali 7,541, farashin tsohon kuwa ya sauko.

Akwai kuma kuɗin ajiya, na aikawa, da kamashon kasuwannin intanet irin su eBay da BrickLink. Kwalin da ya yage ko ya jiƙe yana rage daraja, samfurin da bai samu karɓuwa ba kuma kan daɗe babu mai taya shi.