Saurin Cinyewar Birkin Manyan Motocin Jif: Dalilai, Tsada da Mafita

Manyan motocin nan masu tsayin ƙafa da ƙarfin inji, waɗanda jama'a ke kira jif, sun daɗe da shiga zirga-zirgar Birnin Kebbi, musamman tun da garin ya zama fadar gwamnatin Jihar Kebbi a shekarar 1991, kuma yawansu yakan fi bayyana a kan hanyar Argungu lokacin bikin kamun kifi, sa'ad da ayarin sarakuna da masu mulki da attajirai ke kwarara zuwa bakin kogin Matan Fada. Daga cikinsu akwai Toyota Land Cruiser da Lexus LX 570 da Range Rover, sannan a sahun waɗanda aka ƙera musamman domin tsananin gudu akwai irin su Mercedes-AMG G 63 da Porsche Cayenne. Ɗaya daga cikin koke-koken da masu irin waɗannan motoci ke yawan yi shi ne birki yana cinyewa tun kafin lokacin da aka zata, kuma kuɗin sauya shi yakan ninka na ƙaramar mota sau da dama. Mai mota kan ɗora laifin a kan kamfani ko bakanike, alhali galibi abin ya samo asali ne daga nauyin motar da gudunta da irin ƙirar birkinta, sannan yanayin kwarin Rima ya ƙara wa lamarin tsanani.

Yadda birki ke aiki

Birkin jif na zamani ya ginu ne a kan abubuwa huɗu. Akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da taya, akwai takalmin birki guda biyu, ɗaya a kowane gefe na faifan, akwai muƙamuƙin ƙarfe da ke riƙe da takalman, wanda kanikawa ke kira kalifa, sannan akwai man birki da ke isar da ƙarfin ƙafar direba ta cikin siraran bututu zuwa kowace taya. Idan direba ya taka birki, man zai tura fistin da ke cikin kalifa, fistin ya matse takalman a jikin faifai, gogayyar da ta auku ta mayar da ƙarfin gudun motar ya koma zafi. Ke nan an yi takalmin ne domin ya riƙa cinyewa sannu a hankali, shi ya sa kamfanonin motoci ba su cika sanya shi cikin garantin sabuwar mota ba, sai dai idan an tabbatar akwai aibi daga masana'anta.

Adadin zafin da birki zai sha ya dogara ne da nauyi da gudu, amma tasirinsu ba ɗaya ba ne. Idan nauyi ya ninka biyu, aikin birki ma ninki biyu zai yi, amma idan gudu ya ninka biyu, aikin zai ninka huɗu. Lexus LX 570 tana da nauyin kimanin kilo 2,700, G 63 kuma kimanin kilo 2,500, alhali Toyota Corolla kimanin kilo 1,300 ce kawai, don haka ko da gudu ɗaya suke yi, birkin jif na yin aiki ninki biyu. Motar kilo 2,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, idan aka tsayar da ita cak sau ɗaya, zafin da ke fita daga birkinta ya isa ya kai kimanin lita 3 na ruwa ga tafasa, kuma idan gudun ya kai kilomita 140, zafin ya kusa ninka wannan. Inji mai ƙarfi kuwa yana ruɗin direba, domin motar da ke iya kaiwa gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 5, kamar G 63, tana komawa babban gudu tsakanin wani shingen hanya da na gaba, kuma duk gudun da totur ya tara, birki ne zai kashe shi. Lamarin ya fi muni a motoci masu sulke, waɗanda farantan ƙarfe da gilashi mai kauri ke ƙara musu ɗaruruwan kilo.

Ƙirar birkin ita ma tana da nata rabon. Domin babbar mota ta tsaya cikin ɗan taƙi, masu ƙira kan zaɓi takalmi mai tsananin kamu, wanda aka haɗa da garin ƙarfe, kuma irin wannan haɗi yana cin kansa yana kuma cin faifai fiye da takalmin ƙaramar mota. Baƙar ƙurar da ke taruwa a jikin wilin gaba shaida ce ta wannan ci, kuma ta fi yawa a gaba ne saboda nauyin mota na rinjaya can yayin tsayawa, har tayoyin gaba su ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Bugu da ƙari, na'urorin kwamfuta da ke hana mota zamewa ko kafewa suna taka birkin taya ɗaya ko biyu da kansu ba tare da direba ya sani ba, abin da ke faruwa a kai a kai idan motar na ratsa yashi ko taɓo, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa a tarar takalman baya sun cinye da wuri. Sakamakon haka, yayin da takalmin ƙaramar mota kan iya kaiwa kilomita 50,000 ko fiye, na jif mai nauyi da ake tuƙawa da zafin nama yakan iya ƙarewa kafin rabin haka.

Rabon yanayin kwarin Rima

Kowane zango na shekara a ƙasar Kabi yana da irin illar da yake yi wa birki. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu da yashin gefen hanya kan shiga tsakanin takalmi da faifai su riƙa kankare fuskokin biyu, har faifan ya yi zane-zane. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40, iskar da ake sa ran za ta sanyaya faifai ita kanta mai zafi ce, don haka birkin da aka wahalar ba ya saurin hucewa. Da damina kuma, duk motar da ta gangara fadamar shinkafa a Argungu ko Augie ko Suru, ko ta ratsa ruwan da ya malale hanya, takan kwaso laka mai yashi, wadda ke bushewa a cikin kalifa ta lalata robar da ke kare fistin da sandunan da kalifar ke zamewa a kansu. Da zarar tsatsa ta kama waɗannan sassa, takalmi ba ya sakin faifai bayan an ɗaga ƙafa, sai ya ci gaba da gogawa a duk tsawon tafiya, kuma alamar haka ita ce a ga takalmi ɗaya ya ƙare ƙarƙaf alhali ɗan'uwansa na nan da kauri.

Hanyoyin yankin su ma suna tilasta yawan taka birki. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ba duwatsu, abin da ke jan direba ya sake totur tsakanin Birnin Kebbi da Argungu ko ta ɓangaren Kalgo da Jega, amma ba a yin nisa sai an ci karo da tudun rage gudu a bakin ƙauye, ko shingen jami'an tsaro, ko rami, ko garken shanu da ke tsallakawa, ko 'yan kabu-kabu da manyan motocin shinkafa a ranar kasuwa. Tafiyar ayari, wato kwamba, ta fi kowace illa, domin motocin na bin juna kurkusa cikin gudu, kuma duk lokacin da ta gaba ta ɗan rage, dole na baya su taka da ƙarfi. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta taƙaita gudun motar gida a kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi, kuma direban da ya tsaya daga gudun 80 ya ɗora wa birkinsa ƙasa da rabin aikin wanda ya tsaya daga gudun 120.

Abin da ke kawo tsada

Tsadar gyaran birkin jif ta faro ne daga girman kayan da ƙarancin masu buƙatarsu. Faifan irin waɗannan motoci ya fi faɗi da kauri, kalifarsu kan ɗauki fistin huɗu ko shida a maimakon ɗaya, kuma da yawa daga cikinsu kamfanoni na musamman ne ke ƙera su, kamar Brembo na ƙasar Italiya. Ana sauya takalmi ne na tayoyi biyu a tare, hagu da dama, haka ma faifai, sannan motocin Jamus da Ingila na da 'yar wayar gargaɗi a jikin takalmi wadda ita ma sai an sabunta ta idan ta riga ta taɓa faifai. A motocin da birkin ajiyewa na lantarki ne, sai an haɗa kwamfutar bincike ko an bi wata ƙa'ida ta musamman kafin a mayar da fistin baya, kuma bakaniken da ya matse shi da ƙarfin tsiya zai iya lalata ɗan injin lantarkin da ke ciki. Wasu motocin gudu kuma suna zuwa da faifan kabon da tangaran, wanda ke daɗewa ƙwarai amma kuɗin sauya shi dubban daloli ne, kuma tsakuwa ko sakacin cire taya na iya ɓantare gefensa.

Dalili na biyu shi ne kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin dala. A farkon 2023 dala ɗaya na kusan naira 460 a farashin hukuma, kimanin 750 a kasuwar bayan fage, amma bayan da aka saki naira a watan Yunin shekarar, ta haura 1,500 a cikin 2024, ke nan kayan dala 200 da ake iya samu a kan naira 150,000 ya koma naira 300,000 ko fiye ba tare da ya canza ba. A kan wannan ake ɗora kuɗin kwastan da na sufuri, domin kayan jif na musamman ba safai ake samunsu a kusa ba, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Abuja ko kasuwar Ladipo a Legas, motar kuma na ajiye a gareji har su iso.

Dalili na uku, wanda ke hannun mai mota, shi ne jinkiri da neman araha. Sabon takalmi na da kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma ana son a sauya shi idan ya sauko kimanin 3. Wanda ya yi biris da ƙarar gargaɗi har ƙarfen bayan takalmi ya fara gurzar faifai, ya mayar da ƙaramin gyara babba, domin yanzu sai ya sayi faifai, wataƙila har da kalifa. Jabun takalmi kuwa, wanda ake sakawa a kwali mai kama da na asali, yana iya ƙonewa ya yi santsi idan ya ji zafi, ko ya ɓamɓare daga bayansa, kuma a nan maganar Hausawa cewa araha ba ta ado ta wuce batun kuɗi ta kai ga batun rai. Haka nan feƙe faifai a injin juyi ba shi da laifi muddin bai sauka ƙasa da mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya zana a jikinsa ba, domin faifan da ya sirance ba ya jure zafi kuma yana iya tsagewa.

Man birki shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Yana shan laima daga iska sannu a hankali, kuma laimar na rage zafin da yake iya jurewa: ƙa'idar nau'in DOT 4 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 idan sabo ne, amma bayan ya sha ruwa ƙa'idar takan sauko zuwa 155. Idan ya tafasa a cikin bututu, tururi ne zai maye gurbinsa, sai direba ya taka birki ya ji ya nutse ba kamu. Saboda haka kamfanoni da dama ke ba da shawarar a zubar da shi a sake sabo duk bayan shekara 2, kuma raguwarsa a cikin tanki sau da yawa alama ce ta cinyewar takalmi ko yoyo, wadda ƙara mai kawai ba ya magancewa.

Mafita

Abin da zai tsawaita rayuwar birki ba ɓoyayye ba ne. Direba ya riƙa hango hanya daga nesa, ya ɗaga ƙafa daga totur tun da wuri, ya yi amfani da ƙaramar giya wajen rage gudu, ya bar tazara tsakaninsa da motar gaba, kada kuma ya ɗora ƙafar hagu a kan birki yayin tafiya. Bayan shiga fadama ko ruwa, a wanke bayan tayoyi idan birki ya huce, domin watsa ruwan sanyi a kan faifai mai zafi na iya lahanta shi. A duk lokacin juye baƙin mai, a cire taya a auna takalmi na ciki da na waje, a tsabtace sandunan kalifa a shafa musu girisin da aka tanada don birki. Wajen sayen kaya a nemi lambar da ta dace da lambar jikin motar, a karɓi rasit, a duba ko akwai hatimin inganci irin na ECE R90 da ƙasashen Turai ke gindayawa a kan takalmin sauyi, sannan sabon takalmi a yi masa tafiyar sassauci na kwanakin farko har ya zauna daidai a kan faifai. Ƙugi, ko rawar sitiyari yayin tsayawa, ko janyewar mota gefe ɗaya, ko warin ƙuna daga taya, duk dalilai ne na zuwa gareji a ranar.

Wanda ke shirin sayen jif, sabuwa ko 'yar Kwatano, ya kamata ya tambayi kuɗin takalmi da faifai na gaba da baya, da wurin da ake samunsu, kafin ya biya kuɗin motar, domin hidimar birki na cikin farashin mallakarta. Su kuma masu motocin da ke da direbobi, da hukumomin da ke kula da ayarin motocin gwamnati da na masarautu, wajibi ne su ware kuɗin duba birki a kan kari, su kuma daina matsa wa direbobi lamba kan gudu, domin motar kilo 2,500 da ta kasa tsayawa a bakin kasuwa, masu tafiya a ƙasa da masu babur ne ke fara ɗanɗana kuɗarta.