Dalilan Raguwar Haihuwar Taurari da Abin da Ƙura Ta Ɓoye

Sararin samaniya ba ya haifar sababbin taurari kamar da. A 1996 Simon Lilly da Piero Madau, kowa da tawagarsa, suka auna hasken galaksi masu nisa, wato manyan gungun taurari irin wanda Ranarmu take ciki, suka ga haihuwar ta fi yawa a can baya. Hakan ya yiwu ne domin hasken da ya yi tafiyar shekara biliyan 8 kafin ya iso mu yana nuna galaksi yadda yake a wancan lokaci. Bitar da Madau da Mark Dickinson suka fitar a 2014 ta nuna cewa haihuwar ta kai ƙololuwa kimanin shekara biliyan 10 da suka wuce, lokacin da sararin samaniya yake da shekara biliyan 3.5, daga nan ta yi ta raguwa har ta faɗi kusan ninki 10.

Awon farko yana da babban giɓi. Ana haihuwar taurari ne cikin gizagizan gas da ƙura, ƙurar kuwa tana shanye hasken jariran taurari masu tsananin zafi kafin ya fito. Sai dai ba ta riƙe shi. Kamar bangon laka ne da ya sha rana yini guda, da dare ya yi ya riƙa fitar da ɗumi. Ƙurar takan ɗumama zuwa wajen digiri 240 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyos, wanda a sanyin sarari ɗumi ne, sannan ta saki ƙarfin a matsayin infirared, hasken zafi da ido ba ya gani. Tururin ruwa da ke iskar duniya yana tare yawancinsa, shi ya sa sai da aka harba na'urori sama.

IRAS, wadda Amurka da Holan da Birtaniya suka harba a 1983, ita ta fara buɗe wa masana ido. Ta nuna cewa Arp 220, wani galaksi mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 250, wanda a madubin hangen nesa na yau da kullum ba shi da wani kwarjini, yana fitar da ƙarfin da ya haura na Rana tiriliyan 1, kusan dukkansa a infirared. Galaksi biyu ne suka yi karo, gas ɗinsu ya dunƙule a tsakiya, yana zama taurari masu nauyin Rana sama da 100 a shekara. Namu galaksin 1 zuwa 2 kawai yake samarwa. Bayan haka bayanan wata na'urar da aka harba sama, COBE, suka nuna cewa kusan rabin hasken da taurari suka taɓa fitarwa ta cikin ƙura ya ratso. Wanda ya ƙidaya abin da ido ke gani kaɗai, rabin lissafi ya yi.

To me ya kawo raguwar? Da farko an ɗora wa karo alhakin, tunda a kusa da mu kusan duk galaksi mai irin wannan haske hatsaniyar karo ce, kuma karo ya fi yawa a da, lokacin da galaksi suke kusa da juna. Amma na'urorin Spitzer ta 2003 da Herschel ta 2009 sun sauya fahimtar. A zamanin ƙololuwa, galaksi masu tsananin infirared ba su da wuyar samu, kuma da yawansu faifai ne masu juyawa cikin natsuwa, sai dai maƙil suke da gas. A ganina nan ne asalin dalilin yake: abincin ne ya ragu. Faɗaɗar sarari ta sa kwararar gas mai sanyi zuwa cikin galaksi ta yi rauni, wanda ke ciki kuma an cinye. Awon ALMA, tarin faranti 66 a hamadar Atakama ta Chile, ya tabbatar da cewa gas mai sanyi ya ragu ninki da dama tun wancan zamani.

Akwai kuma manyan baƙaƙen ramuka na tsakiyar galaksi, waɗanda idan suna haɗiyar gas sukan ƙona ko su kore sauran. Tasirinsu gaskiya ne, musamman a galaksi mafi girma, amma ba na jin su ne jigon labarin. Suna ma rikita awon, domin su ma suna ɗumama ƙura, dole mai bincike ya ware haskensu daga na taurari. A nan na'urar James Webb, da aka harba a Disamban 2021, take taimakawa ƙwarai.

Sakamakon raguwar a fili yake. Yawancin taurarin da ke akwai yau tsofaffi ne, manyan shuɗɗa masu gajeren rai suna mutuwa ba a maye gurbinsu yadda ya kamata, galaksi da yawa sun koma jajaye. Ranarmu, mai shekara biliyan 4.6, ta zo ne bayan kasuwar ta fara watsewa, daga gas ɗin da taurarin farko suka riga suka wadata da ƙarfe da kabon da iskar oksijin, waɗanda da su aka gina duniyarmu.