Ko Kun Sani? Louisville, Garin Muhammad Ali

Ko kun san cewa birnin Louisville na jihar Kentucky a Amurka sunan sarkin Faransa yake ɗauke da shi? An kafa shi a 1778 a bakin Kogin Ohio, aka raɗa masa sunan Sarki Louis na 16 don godiya bisa taimakon da Faransa ta ba Amurkawa a yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Duwatsun da ke tsakiyar kogin ne suka tilasta wa jiragen ruwa tsayawa a sauke kaya, har wurin ya zama kasuwa. Abin takaici, har bayi an riƙa sayarwa a nan, ana gangarawa da su gonakin auduga na kudu.

A wannan gari aka haifi Cassius Clay ranar 17 ga Janairu 1942. Yana ɗan shekara 12 aka sace masa keke, ya je wurin ɗan sanda Joe Martin yana cewa sai ya lakaɗa wa ɓarawon duka. Martin ya ce masa ya fara koyon dambe tukuna. Yaron nan ya ci zinare a gasar Olamfik ta Rum a 1960, ya musulunta ya koma Muhammad Ali, kuma a 1964 ya ziyarci Ghana da Najeriya da Masar. Da ya rasu a 2016, dubban mutane suka yi masa sallar jana'iza a Louisville, aka binne shi a maƙabartar Cave Hill. Tun 2019 filin jirgin saman garin sunansa yake amsawa.