Tiyon birkin tsohuwar MGB: yadda ake canza shi a gida

Motar MGB, wadda aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, tana da tiyon roba uku masu kai man birki: biyu gaba, ɗaya baya. Tsagewar tiyo ido na ganinta. Abin tsoro shi ne kumburin ciki, inda mai zai tafi idan an taka birki amma ya kasa komowa, taya ta riƙe, ta yi zafi, mota ta riƙa ja gefe guda.

Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. A sa matokaran ƙarfe. A jiƙa notin da ke haɗa tiyo da bututun ƙarfe da man sassauta tsatsa tun daren da ya gabaci aikin, a kwance shi da sifana mai rungumar noti, domin bututun ƙarfen ba ya jure murɗa. Sabon tiyo kada ya murɗe, kuma a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a tabbatar bai gogi taya ba. Man birki yana cin fenti.

Bayan an ɗaura sabon tiyo sai fitar da iska daga birkin, aikin mutum biyu ne, ana farawa daga tayar da ta fi nisa da tukunyar man birki. Muddin birki na lumewa ƙarƙashin ƙafa, mota ba ta hau titi ba.