Majalisar Tarayya: Yadda Aka Tsara Ta da Iyakar Ikonta

Ran Asabar, 28 ga watan Nuwamba 2020, 'yan Boko Haram suka auka wa manoma da ke girbin shinkafa a gonakin Koshebe, kusa da Zabarmari a Jihar Barno, suka yi musu kisan gilla. Kashegari aka yi jana'izar mutum 43 a Zabarmari, Gwamna Babagana Umara Zulum na cikin waɗanda suka halarta. Ran Talata, 1 ga watan Disamba, maganar ta isa Majalisar Tarayya a Abuja. Majalisar Dattawa ta nemi Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sauya manyan hafsoshin soja, Majalisar Wakilai kuwa ta gayyace shi ya zo da kansa ya yi bayani. Har an tsai da ran 10 ga wata, amma Shugaban bai zo ba, hafsoshin kuma suka zauna a kan muƙamansu har ƙarshen watan Janairu 2021.

Jama'a da yawa sun yi ta tambaya a lokacin: shin majalisar nan tana da wani iko kuwa? I, tana da shi, babba ma. Amma sai an san yadda aka tsara ta kafin a gane inda ikon yake, da inda ya tsaya.

Majalisu biyu ne suka haɗu suka zama Majalisar Tarayya bisa ga Tsarin Mulkin 1999. Ta farko ita ce Majalisar Dattawa, mai kujeru 109, watau uku daga kowace jiha cikin jihohi 36, da ɗaya daga Birnin Tarayya. A nan babu babba babu ƙarami: yadda Kano take da sanatoci uku, haka Bayelsa take da uku. Ta biyu ita ce Majalisar Wakilai, mai kujeru 360, waɗanda aka raba gwargwadon yawan jama'a, saboda haka Kano tana da 24, Barno tana da 10. Hikimar wannan tsari ita ce kada manyan jihohi su danne ƙanana, kada kuma a tauye haƙƙin masu yawa. Daga Amurka aka ɗauko shi a 1979, lokacin da aka bar tsarin Ingila mai Firayim Minista. A waccan Jamhuriya ta Biyu jihohi 19 ne, kowace da sanatoci biyar.

Ke nan mutumin Zabarmari yana da bakuna biyu a Abuja: wakilin mazaɓar Jere a Majalisar Wakilai, da sanatan Barno ta Tsakiya. Sanatan da ya gabatar da batun kisan a gaban Dattawa shi ne Kashim Shettima, wanda ke riƙe da wannan kujera a lokacin. Ana zaɓen 'yan majalisa na shekara huɗu, mai neman kujerar sanata sai ya kai shekara 35, mai neman ta wakili kuwa 25 tun bayan gyaran da aka yi a 2018. Kowace majalisa ita ke zaɓen shugabanninta daga cikin 'ya'yanta. A watan Yunin 2023 Dattawa suka zaɓi Godswill Akpabio, Wakilai suka zaɓi Tajudeen Abbas na Zariya ya zama Kakaki. Dole ne kowacensu ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 55 ma ya yarda a yi muhawara da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin haka, ko da yake har yanzu da Turanci ake yi.

To, ga bambancin da ya kamata kowa ya riƙe. Abin da majalisun suka zartar kan Zabarmari ƙuduri ne, ba doka ba. Ƙuduri bayyana ra'ayin majalisa ne, yana da nauyi a siyasa, amma ba ya tilasta wa Shugaban Ƙasa. Doka kuwa tana da doguwar hanya: a karanta shirinta sau uku, kwamiti ya duba shi, majalisu biyun su amince da lafazi iri ɗaya, sa'an nan a kai wa Shugaban Ƙasa, wanda ke da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suka sake amincewa, shirin ya zama doka ko da bai so ba. An yi haka a shekarar 2000, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Dalta. Ita kuma hukumar raya Arewa maso Gabas, mai hedkwata a Maiduguri, da doka aka kafa ta, wadda aka sa wa hannu a 2017.

Batun gayyatar Shugaban Ƙasa ya fi wuyar warwarewa. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon yin bincike kan yadda ake aiwatar da dokokinta da yadda ake kashe kuɗin da ta ware, domin fallasa almundahana da sakaci da ɓarna, sun kuma ba ta ikon kiran kowane mutum a Nijeriya ya ba da shaida. Amma sashe na 308 ya kare Shugaban Ƙasa daga kamu muddin yana kan mulki, sashe na 218 kuma ya sa sarrafa rundunar soja a hannunsa. Ana gobe ranar da aka tsayar, Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ce majalisa ba ta da hurumin kiran Shugaba kan ayyukan soja. Lauyoyi sun sha bamban a kan wannan fassara. Abin da ba a jayayya a kai shi ne minista: sashe na 67 ya wajabta masa zuwa idan an gayyace shi, ya yi bayanin yadda yake tafiyar da ma'aikatarsa.

Babban makamin majalisa, a ganinmu, shi ne kuɗi. Ba a fitar da ko kwabo daga baitulmalin Tarayya sai da dokar kasafin kuɗi. Shugaban Ƙasa ne ke kawo kasafin, amma sai majalisa ta amince. Albashin sojan da ke gadin hanyar Maiduguri zuwa Mafa, da man motarsa, da harsashin bindigarsa, duk ta wannan ƙofa suke bi. Ɗan majalisar da ya yi kuka a gaban jama'a ranar makoki, amma bai bi sawun kuɗin tsaro a kwamiti ba, rabin aikinsa kawai ya yi.

Akwai kuma ikon tabbatar da naɗi. Ministoci da jakadu da Babban Alƙalin Ƙasa, duk sai Dattawa sun amince da su. Sababbin hafsoshin da aka naɗa ran 26 ga watan Janairu 2021, cikinsu har da Lucky Irabor da Ibrahim Attahiru, sai da suka bayyana gaban kwamitocin majalisa aka tantance su a watan Fabrairu. Watau majalisa ba ta iya korar hafsa da kanta, amma tana iya ƙin wanda aka kawo. Haka nan Shugaban Ƙasa ba ya ɗaura yaƙi da wata ƙasa sai da yardar majalisun biyu a zama ɗaya, dokar ta-ɓaci ma, irin wadda aka sa wa Barno da Yobe da Adamawa a watan Mayun 2013, ba ta ɗorewa sai kashi biyu cikin uku sun goyi bayanta.

Iko na ƙarshe shi ne tsige Shugaban Ƙasa saboda babban laifi. An tsananta sharuɗɗansa da gangan: kashi ɗaya cikin uku su sa hannu a takardar zargi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa su yarda a bincika, Babban Alƙalin Ƙasa ya naɗa mutum bakwai su yi binciken, sa'an nan a sake jefa ƙuri'a. Tun 1999 ba a taɓa kai wannan hanya ƙarshe ba.

Su ma 'yan majalisar akwai mai iko a kansu. Sashe na 69 ya ce idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓa suka sa hannu cewa sun daina amincewa da wakilinsu, Hukumar Zaɓe za ta tantance sa hannun, ta shirya ƙuri'ar jin ra'ayi cikin kwana 90, in rinjaye ya tabbatar, kujerar ta faɗi. Wanda kuma ke da ƙara kan wata ma'aikata ko hukumar Tarayya yana iya rubuta ta, ya sa hannu, ya miƙa wa wakilinsa ko sanatansa, shi kuma ya gabatar da ita a zauren majalisa, a tura ta ga kwamitin sauraron ƙorafin jama'a.