Aiken Gidan Manomi da Hanyar Ƙauye

Mutumin birni, idan gishiri ya ƙare masa, sai ya tura yaro bakin titi, kafin tukunya ta tafasa ya dawo. Amma gidan manomin da ke ƙauye nesa da kwalta, inda tsakaninsa da kasuwa ko asibiti akwai tafiyar sa'a biyu ko uku bisa turbar yashi da kwazazzabai, ba shi da wannan gata, domin kowace fita tana cin kuɗi, tana cin ƙarfi, tana kuma ɗauke hannu guda daga gona a ranar da ake bukatarsa. Saboda haka ne mutanen karkara suka mai da aike sha'ani na tadbiri, wanda ake shiryawa tun da dare, a tara bukatun mako guda a ɗora su bisa tafiya ɗaya, kuma galibi ranar kasuwa ake yin ta.

Kasuwannin ƙasar Hausa tun zamanin kakanni kowace da ranar cinta, har ya zama manomi da su yake lissafin mako: Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Ɗambatta ranar Lahadi, ban da ƙanana waɗanda ba a san sunansu ba sai a gundumarsu. Daren jajibiri, bayan sallar Isha'i, mai gida kan sa a auno masa tiya biyar ko shida ta gero ko wake daga rumbu, domin abin da za a sayar gobe shi ne kuɗin abin da za a sayo. Sa'an nan kowa ya faɗi tasa bukata. Uwargida tana son manja da kanwa da busasshen kifi, amarya tana son sabulu da maganin tarin jinjiri, tsoho yana son goro da batirin rediyo, ga garma da bakinta ya cinye za a kai wa maƙeri, ga masara da za a sauke a injin niƙa a ɗauka a kan hanyar dawowa.

Kafin gari ya waye kuwa maƙwabta sun ji labarin akwai mai fita, sai ka ga ana sallama a ƙofar gida, wannan yaro da kuɗi a dunƙule a hannu, waccan tsohuwa da nata ɗaure a bakin zane. "Malam, ga sautu. Don Allah a duba mini gishiri na ɗari biyar, in ya yi saura a haɗo da ashana." Shi kuwa sai ya karɓa, ya ware na kowa dabam, wani a aljihun gaba, wani a aljihun gefe, wani a naɗin hula, ba takarda ba alƙalami, da la'asar ya dawo ya ba kowa kayansa da canjinsa, ko da naira hamsin ce, ba ya kuma neman lada sai addu'a. Malaman fiƙihu sun yi wa wannan mu'amala babi, shi ne babin wakilci, wanda almajiri kan tarar a Muhtasar na Halilu da sauran littattafan Malikiyya, inda hukuncin ya tafi a kan cewa wakili amintacce ne, ba a ɗora masa lamunin abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka umarce shi. Da yawa daga masu ɗaukar sautu ba su taɓa karanta wannan babi ba, amma bisa gare shi suke tafiya, kuma a ganina babu wani abin da ya riƙe tattalin arzikin ƙauye kamar wannan amana, wadda ba ta shiga lissafin kowace hukuma.

Ƙaramin aike na yau da kullum kuwa yara ne ke ɗauke da shi, musamman a gidajen da matan aure ke kulle. Polly Hill, wata masaniya 'yar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma fitar da littafinta a kan Hausawan karkara a 1972, ta lura da cewa ciniki mai yawa a cikin gidaje yake gudana ta hannun mata, yara ne ke kai da kawowa. Har yau yarinya ce ke kai wa ma'aikatan gona fura da rana, yaro ne ke kai markaɗe ƙauyen gaba inda injin yake; kuma wajibi ne a faɗi gaskiya, cewa idan injin nan yana da nisan kilomita huɗu, to safiyar yaron ta tafi, makarantar wannan rana ma ta tafi tare da ita.

Abin hawa ya sauya da zamani. Jaki da mangala da taiki su ne suka yi jigilar gyaɗa zuwa tashoshin saye bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Daga baya keke ya shigo, amalanken shanu ya yawaita, sa'an nan babur ya mamaye karkara, har ka ga Boxer ɗaya ɗauke da mutum biyu da buhun taki da akuya a tsakani. Wayar hannu, wadda ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001, ta rage tafiyar banza, domin yanzu mutum kan buga ya ji ko takin ya iso, ko nawa ake sayar da buhu, kafin ya tayar da babur. Sai dai tun da aka sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, alhali mutumin ƙauye a kwalba yake sayen mai, da tsadar da ta fi ta gidan mai. Kuɗin acaba ya ninka, sautu ya ƙaru, fita ta ragu.

Amma babbar mushkilar tana ga hanyar kanta, domin tana mutuwa ne daidai lokacin da gida ya fi bukatarta. Da rani turba tana biyuwa, ko da yashi na kama ƙafar babur, gargada na karya ƙwai a kwando. Idan damina ta kankama kuwa, musamman cikin markar watan Agusta, sai fadama ta cika, rafi ya kawo, laka ta riƙe taya, ƙauyen da ake zuwa cikin rabin sa'a ya zama sai an yi zagaye mai nisa ko an jira ruwa ya janye. Alhali a wannan lokaci ne masara ke jiran takin yuriya wanda in ya makara mako biyu fa'idarsa ta ragu, a wannan lokaci ne rumbu ke yin ƙasa har a koma sayen hatsi, a wannan lokaci ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Manomi yana biyan kuɗin mugunyar hanya sau biyu: abin da ya sayo ya zo masa da tsada saboda ɗauko, abin da zai sayar kuma mai a-kori-kura da ya yi kasadar shigowa shi ke yanke masa farashi, tun da ya san babu wata motar a bayansa.

Aiken da ya fi kowane nauyi shi ne na tsakar dare, lokacin da naƙuda ta yi tsanani, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Masana lafiya sun lissafa jinkirin isa asibiti cikin manyan dalilan mutuwar mata wajen haihuwa, shi ya sa a jihohi irin su Jigawa da Katsina da Yobe aka haɗa kai da ƙungiyar direbobi, aka horar da wasu daga cikinsu don su riƙa ɗaukar masu naƙuda da gaggawa. Aikin alheri ne ƙwarai, amma direba ba ya ƙetare rafin da babu gada. A wasu sassan Zamfara da Katsina kuma tsoron 'yan bindiga ya hau kan wahalar hanya, har a 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita sayar da mai, aka kuma katse layukan waya. Ko mene ne hujjar tsaro a cikin wannan, gidan manomi ya wayi gari ba inda zai sayar, ba inda zai sayo, ba ta yadda zai tambaya.

Ba za a ce hukumomi ba su taɓa waiwayar al'amarin ba. Ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe, waɗanda aka soma a tsakiyar shekarun 1970 da taimakon Bankin Duniya, sun shimfiɗa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, hukumar DFRRI da gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1986 ta ƙara wasu, kuma ma'aunin da duniya ke amfani da shi a yau shi ne a duba mutanen karkara nawa ne ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ke biyuwa rani da damina. Illa dai hanyar burji kamar ginin ƙasa take, wanda in ba a yi masa yaɓe kowace shekara ba sai ya zube. Rayuwarta duka tana ga yadda ruwa ke barinta: tsakiyarta ta yi tudu, gefenta ya sami magudana, inda ruwa ke tsallakawa a sa kwalbati. Da zarar magudana ta toshe, ruwa ya kwanta, taya ta yanka, sawun taya ya zama hanyar ruwa, cikin damina biyu sai ka tarar da kwazazzabo inda mota ke wucewa a da. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ginawa da gyaran irin waɗannan hanyoyi cikin ayyukan ƙananan hukumomi, amma yashe magudana ba aikin da ake taron buɗewa ba ne, shi ya sa ba kasafai ake ware masa kuɗi ba.

Abin da ya rage a hannun talakawa shi ne gayya. Da bazara mai unguwa kan sa a yi shela bayan sallar Juma'a, matasa su fito da diga da shebur da baro, a cika buhuna da yashi, a jera duwatsu a bakin zaizaya, liman kuma ya tunatar da su cewa kawar da cuta daga hanya sadaka ce. Wannan yakan riƙe turba damina ɗaya. Abin da gayya ba ta iyawa shi ne kwalbati, domin shi yana bukatar siminti da rodi da wanda ya san yawan ruwan da ke bi ta wurin. Nan ne ya kamata kansila da shugaban ƙaramar hukuma su sa hannu, kuma lokacin aikin shi ne tsakanin kaka da faɗuwar ruwan farko, sa'ad da ƙasa ke bushe, matasa kuma ba su koma gona ba.