Ruwa Daga Gindi Yake Cin Bango

A ƙarshen watan Agusta, malka ba ta gama sakin mutane ba, na bi titin da ya tashi daga Sakkwato ya nufi Jega, na sauka Tambuwal, tsohon ribaɗin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. Daga nan ɗan kabu-kabu ya ratsa da ni cikin gero da dawa zuwa wani ƙauye da ke gefen fadamar Gulbin Zamfara, wajen da ƙasar Tambuwal ke haɗuwa da ta Kebbe.

Tambaya guda ce ta kai ni. Kowace damina sai an ji a rediyo cewa gidaje sun rushe a gari kaza, kuma da wuya a rufe labarin ba a ce "ginin ƙasa ne" ba, kamar da wannan an gama bayani. Alhali a ɗakin ƙasa aka haifi kakannina, a cikinsa suka tsufa, zauren gidanmu kuwa ya girmi mahaifina. To me ya sami ƙasar?

Mai gari ya tarbe ni da fura, ya haɗa ni da wani saurayi ya zaga da ni. Ba mu yi nisa ba na lura garin gini uku ne. Akwai tsofaffin zaure da shigifa masu kauri, sun yi ja-ja-wur da ruwa amma suna tsaye. Akwai ɗakunan bulo da kwano, yawanci na waɗanda suka je ci-rani Kudu suka samo. Sai kuma na tsakiya, wanda ya fi yawa: siririn bango na bulon ƙasa, an ɗora masa kwano ɗan guntu. Duk inda muka ga tabarma ko buhu an kare tsakar gida da shi, irin wannan bangon ne ya faɗi.

Saurayin ya ce in ina son gane kan zancen sai mu je wurin tsohon maginin garin. Muka tarar da shi gindin dogon yaro yana tufkar igiya, dattijo ne da ya haura saba'in, yatsunsa duk sun kanannaɗe. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, mutane na cewa ƙasa ba ta iya ruwan zamanin nan."

Bai amsa ba sai da ya ƙulle bakin igiyarsa. "Tashi mu tahi in gwada maka, ɗana."

Ya kai ni wani bango da ya zube, ya ɗauki gutsure ya murje shi a tafin hannu, ya zama gari. "Wanga ba tubali ba ne. Ƙasa ce anka jiƙa da sahe, anka zuba cikin akwati, kahin sati an ɗora. Ba ta ruɓa ba, ba ta sha ƙafa ba."

Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda mahaifinsa ya koya masa. Bayan an kawar da amfanin gona ake haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a zuba ramno da kashin jaki ko na doki, samari su tattake ta da ƙafa, a bar ta kwanaki, a sake jiƙawa a sake tattakawa har sai ta yi danƙo tana kama sawu. Sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, ya sha rana kamar mako biyu. Bango kuwa daga ƙasa ake ba shi kauri, tubali uku ko huɗu a jere, yana tashi yana sirancewa. Ya ja ni zauren mai gari ya ce in auna gindin bangon da hannuna. Ya fi kamu guda. A waje rana ta buɗe bayan ruwan safe, gumi na tsattsafo mini, amma cikin zauren sanyi ne kamar gindin randa. Bango mai kauri yakan shanye zafin yini a hankali, sai dare ya yi sannan ya sake shi. Wannan ita ce hikimar, kuma ba a biya mata kuɗin wuta.

Da muka fito ya nuna mini ƙasan bangon, inda aka yi masa dakali ya kewaye shi. "Ruwa ba ta bisa su ka kashe gini ba. Daga gindi su ka cin shi. In sunka kwana gindin bango dare biyu, ko na sarki ne sai ya durƙusa."

Na tambaye shi makuba. Nan fuskarsa ta canza. Makuba bawon ɗorawa ce: mata su cire garin da kalwar da za a yi daddawa, bawon kuma a jiƙa shi, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwansa, bango ya yi duhu ya yi santsi, ruwa ya riƙa zamewa a kansa. Ya ce da can kowane gida na da tarinta, domin kowace gona na da ɗorawa. Yau ɗorawar ta tsufa, an sare wasu an yi itace, ba a dasa sababbi ba, har masu daddawa da yawa sun koma waken suya. Haka zancen azara. Daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cinta, kuma ita ce ke ɗauke da rufin soro. Amma giginya sai ta shekara da yawa kafin ta isa yanka, wadda ke fadama ta yi ƙaranci, dajin da ake samo ta kuwa ba kowa ke iya shigarsa ba yanzu saboda rashin tsaro.

"Sannan ga yaɓe," in ji shi. "Ginin ƙasa kamar doki ne, kullum yana son hannu. Da, kahin ruwa su sauka, gayya munka yi, gida-gida, a gyara indararo, a toshe tsaga. Yanzu lokacin yaɓe samari na Legas da Ibadan. Sai hadari ya taso su dawo, su wuce gona."

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa. Mai gida na ganin ya huta da yaɓe, amma siminti da ƙasa ba sa kama juna. Da ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bangon ya yi ta ruɓewa a ɓoye, fuskarsa tana sumul, har daren da zai sauko gaba ɗaya.

Ban so in bar masa zancen duka a kan sakacin mutane ba, domin ruwan ma ya sauya. Shi kansa ya yarda. Ya ce da malka yayyafi ce mai daɗewa, yau kuwa sai a yi kwana goma ba ɗigo, gero ya fara murɗewa, sannan a zubo ruwan wata guda a dare ɗaya. Abin da idonsa ya gani masana sun auna shi: wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Mutanen wannan fadama ba sa bukatar mujalla kafin su sani. Sun ga yadda ruwa ya shanye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi a 2020, kuma Gummi, wadda ambaliya ta afka wa a Agustan 2024, tana sama da su ne a kan gulbi ɗaya.

Akwai kuma abin da fari ya bari. Bayan na 1973 da na 1984 an yi shekaru ruwa na ƙaranci, har aka manta inda yake bi. Saurayin nan ya kai ni gabas da gari ya nuna mini unguwa sabuwa, ya ce kududdufi ne a da. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina garin, ramin kuma ya zama masaukin ruwan gari duka, dabbobi su sha, a yi tubali da rani. Da jama'a suka ƙaru sai aka cike shi da shara da ƙasa, aka yanka fegi. Ruwa kuwa bai san an sayar ba.

A wannan unguwa na sadu da wata dattijuwa da mijinta ya rasu, tana riƙon jikoki uku. Tana zaune bakin abin da ya rage na ɗakinta tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata jaje.

"Lahiya lau, ɗan nan. Mun gode Allah da rai."

Ta ce daren da abin ya faru ba ta runtsa ba. Tun bayan isha'i ake ruwa, tana jin shi yana shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure. Can tsakar dare ta kai hannu jikin bango ta ji ya yi laushi kamar tuwo. Ta tashi yaran, ta goya ƙaramin, suka fita cikin ruwa har gwiwa zuwa gidan maƙwabta. Ba su kai ƙofa ba suka ji ƙarar. Buhun geronta na ƙarshe, da gadon da aka kawo ta da shi gidan miji, duk suna ƙarƙashi.

"Ba ɗakin ni ka kuka ba," ta ce. "Wanga ne na ukku. Duk shekara in tara ɗan abin da ni samu wurin ƙuli-ƙuli, in gina, ruwa su ɗauka. Yanzu in hadari ya haɗo, yaran ga ba su cin tuwo, sama su ka kallo."

Na ce, "Inna, da za a samu hali, ɗakin bulo kike so?"

Ta ɗan yi shiru. Ta ce ɗan ƙanenta ya yi irinsa, kuma ta kwana ciki da bazara. "Tanda ce. Wata ukku waje su ka kwana, sauro na cin jarirai. Kuma ina ni ga kuɗin siminti?" Gaskiyarta. A watan Afrilu zafin wannan yanki kan haura digiri 40, kwano marar silin kuwa ƙara shi yake yi. Buhun siminti ya wuce naira dubu goma a wurare da dama a 2024, duk da cewa a Kalambaina, nan bakin Sakkwato, ake yin sa. Wanda bai da hali an bar shi tsakanin ɗakin da ke gasa shi da bazara da wanda ke iya danne shi da damina. Na daɗe ban ji abin da ya tsaya mini a rai kamar yaran nan da ke barin tuwo suna kallon sama ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin ba daga nesa yake ba. A ƙauyen Yama da ke yankin Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, duk a ƙasar Hausa ta Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala sabon masallaci a 2018 da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, suka gyara tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, kuma da maginan wurin aka yi aikin. Ƙasar da muke jin kunyarta ita ake ba lambar yabo a duniya, a daidai lokacin da aka gane cewa sarrafa siminti na cikin manyan abubuwan da ke ƙara ɗumamar yanayi.

Ko a ƙauyen ma akwai wanda ya fara lalubo hanya. Wani malamin firamare ya nuna mini ɗaki biyu da ya gina shekara huɗu da suka wuce a kan tudu. Ya yi harsashi da marmara, ya ɗora bulon siminti jeri uku har ya wuce inda ruwa ke tsayawa, daga nan zuwa sama tubali ne mai kauri, wanda tsohon maginin ya tsaya a kan kwaɓinsa. Kwanon ya zarce bango sosai ta yadda feshi ba ya dukansa, ƙarƙashinsa kuma an yi rufin kara da ƙasa don tare zafi. Ya dasa dogon yaro biyu ta yamma. Ya ce simintin da ya saya bai kai rabin na maƙwabcinsa ba, kuma bana ko tsaga bai gani ba. Damuwarsa ɗaya: tsohon ba shi da almajiri. 'Ya'yansa sun koma ginin bulo, domin a can kuɗi yake, kuma mai neman aure ba ya son a ce ɗakin ƙasa ya yi wa amarya. Malamin da wasu dattawa suna ta magana da mai gari a hana gini a ragowar kududdufin, a kuma buɗe tsohuwar hanyar ruwa da ta bi bayan masallaci ta gangara fadama. Masu fegi a wurin ba su amince ba tukuna, su ma da kuɗinsu suka saya.

La'asar ta yi, ɗan kabu-kabu na jirana, sai gabas ta yi baƙi. Mata suka fara kwashe shanya, aka jera bokitai ƙarƙashin indararo. Na leƙa in yi sallama da tsohon, ban same shi gindin dogon yaro ba. Can na hango shi bayan zauren mai gari, ya naɗe riga, yana yashe 'yar hanyar ruwan da ta toshe a gindin bango da fartanya. Ɗaya daga cikin jikokin dattijuwar nan na biye da shi da kwano a hannu, yana kwashe ƙasar yana zubawa a kan dakali.